Kujerar Gaban Tanki

Tsanin Mai Tanki matakala tara ne. Shekara ashirin da biyu ke nan yana hawansa, Litinin da Alhamis, a ɗakin jira na sashen wankin ƙoda, kuma in aka bi lissafi ya hau shi fiye da sau dubu biyu bai taɓa zamewa ba. Duk asibitin babu wanda ya damu da sunansa na yanka. Daga maigadi har manyan likitoci, Mai Tanki suke ce masa, shi ma da shi yake amsawa.

Tankin na gilashi ne, tsayinsa ƙafa shida, ga shi a kan dakali, don haka ya fi kowa tsayi a ɗakin. Yana cin ruwan gishiri lita dubu ɗaya da ɗari huɗu. A ciki akwai kifi goma sha bakwai, da duwatsun teku arba'in da ɗaya masu ramuka kamar soso, an jera su sun tashi kamar hasumiya, sai kuma murjani. Wanda bai sani ba in ya ji murjani sai ya tuna abin wuya. Na cikin tankin nan mai rai ne, yana ci, yana girma, yana fushi, kuma haske ne abincinsa mafi yawa. In hasken ya gaza sai ya rame, in ya yi yawa sai ya ƙone.

Asalinsa magini ne. Dakalin aka kira shi ya gina, kwana uku aikin. Mutumin da ya kafa tankin ya yi wata huɗu ya tafi abinsa, ya bar littafi guda da buhun gishiri biyu. Da ruwa ya fara yin kore, kifi suka fara birkicewa, sai aka rasa wanda za a nema, aka ce a kira wanda ya gina gindin. Bai ce bai iya ba. Ya ɗauki littafin ya kai wa wani malamin makaranta a layinsu, suka yi mako shida ana karanta masa yana haddacewa. Kifi tara suka mutu a hannunsa a shekarar farko, biyu a ta biyu. Daga nan sai wanda tsufa ya ɗauka.

Abu ɗaya littafin bai faɗa ba. Wanda ke kan tsani ba ya ganin aikinsa. Ruwa in ka kalle shi daga sama yaudararka yake yi: abin da ke zurfin ƙafa huɗu sai ka ga kamar hannu zai kai, abin da ya miƙe sai ya lanƙwashe. Dogon awartaki yake zurawa ya kama dutse ko reshen murjani, ya dasa inda yake zato, ya sauko ya zagayo ya duba, ya koma ya gyara. Akwai ranar da ya hau ya sauko sau talatin da ɗaya a kan dutse guda.

A ranar ce matarsa ta kawo masa abinci. Ta samu kujera a layin gaba, ta uku daga bango, ta zauna tana kallonsa yana haki.

"Malam, ya karkace."

"Me ya karkace?"

"Dutsen naka. Ka tura shi hagu. Hagunka, ba nawa ba. Yauwa. Ƙasa kaɗan. Ka wuce! Kai Malam, wai da haka kake gina wa mutane gidaje?"

Masu jiran layi suka kwashe da dariya, har da wata tsohuwa da tun safe ba ta ɗaga kai ba. Minti huɗu dutsen ya zauna. Tun daga ranar ba ta sake fashi ba. Shi yana sama, ita tana kujera ta uku daga bango, tana ba da umarni. Ya raɗa mata suna Shugaba, sunan ya bi ta har gida, har 'ya'yansu biyar suka ɗauka.

"Ni ina nan sama gumi na zuba, Shugaba tana zaune kamar mai gidan haya," yakan ce.

"To sauko ka zauna, ni in hau. Mu ga wanda zai fi kashe kifi."

Ya ɗauka ciwon gwiwa ne ke zaunar da ita, don tana da shi. Bai taɓa tambaya ba.

Wata rana aka kawo sababbin kifi, sai ga wani guntun murjani a gindin ledar, ya karye daga wani wuri, bai kai ƙaramin yatsa ba. Ya ɗauke shi zai jefa kwandon shara.

"Mayar da shi ruwa," in ji Shugaba.

"Wannan? Gawa ce."

"Gawa ce kuma take da launi? Ɗora shi kan dutsen nan mai faɗi, gefen tagar."

Tagar wani rami ne da ta sa ya bari a tsakiyar hasumiyar, wanda wani kifi rawaya ke ratsawa ya fito ta ɗaya gefen. Ya saka gam, ya manna guntun inda ta ce. Wata uku bai motsa ba. A na huɗu ya fitar da ɗan tsiro. Shekara goma sha huɗu bayan haka ya zama abin da kowa ke fara gani in ya shigo ɗakin: rassa kamar ƙahon barewa, jikin kore, bakin kowane reshe shuɗi. Shugaba tana ƙirga su duk farkon wata. Lissafinta na ƙarshe sittin da uku ne. Autarsu, wadda yanzu malamar makaranta ce mai 'ya'ya biyu, ta daɗe tana cewa an ƙwace mata autanci, don uwarta ta fi tambayar lafiyar murjanin a kan tata. Sai aka koma kiransa Ƙanin Auta.

Ciwon Shugaba kwana takwas ya yi. A wannan asibitin ne, hawa biyu sama da tankin. Ran na shida ta tambaye shi ko ya canza ruwa. Ran na takwas da hantsi ta cika.

Mako biyu ya yi bai zo ba, sannan ya dawo. Sai dai ya sauya hanya. Akwai wata ƙaramar ƙofa ta bayan tankin, inda injin tura ruwa da buhunan gishiri suke. Ta nan yake shiga, ya kafa tsani, ya ciyar da kifi, ya kankare gansakuka, ya gwada gishirin ruwa, ya naɗe tsani ya fita. Wata goma sha ɗaya bai zagaya gaban gilashin ba. Ba ya son ganin wanda ke zaune a kujera ta uku, kuma ba ya son ganinta babu kowa. Tunda duwatsu na zaune inda take so, babu abin da zai dasa, aikin bai nemi ido na biyu ba.

Sai manaja ya kira shi ofis. Za a faɗaɗa ɗakin jira, a fasa bangon da tankin ke jingine da shi. Dole tankin ya koma ɗaya bangon, taku goma sha biyu. An riga an gina sabon dakali, an kuma sayo sababbin fitilu masu ƙarfi.

"Kwana nawa kake so, Baba?"

"Kwana? Murjani ba ya kwana a baho, ranka ya daɗe. Yini ɗaya. Lahadi, da ba a wanki."

Ya koma gida ya zauna ya tsara komai. Baho tara, ƙananan injuna huɗu, ƙarti shida masu ɗaukar gilashi, ganguna bakwai na ruwan da zai haɗa tun Juma'a. Sa'a goma daga fitar da murjani zuwa mayar da shi, in ya wuce haka ruwan baho zai yi sanyi. Duk ya lissafa, abu ɗaya ya rage, wanda zai tsaya a gaba. Babu abin da yake tsoro a aikin kamar Ƙanin Auta. Kifi ana sayo wani, dutse ba ya mutuwa. Wannan kuwa shi kaɗai ne abin da Shugaba ta raina da ke numfashi a wurin da yake iya kai hannu kullum.

Ya kira Auta a waya.

"Lahadi kina da aiki?"

"Ko ina da shi na ajiye, Baba."

Ƙarfe shida na safe suka fara. Ya kwashe kifi, ya ciro murjani ɗaya bayan ɗaya, Ƙanin Auta shi kaɗai a bahonsa da injinsa. Ya rubuta wa kowane dutse lamba. Ƙarfe goma ƙartin suka tura tankin a kan bututun ƙarfe, suna ihu suna zagin juna, ya zauna kan sabon dakali ko tsagewa babu. Mai Tanki ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya haura ya shiga cikin gilashin da kansa. Dutsen farko a kan gilashi ake kafa shi kafin a zuba yashi, don akwai kifin da ke haƙa, in ya haƙe ƙarƙashin gini sai komai ya rufta. Wannan ya sani tun shekarar farko. Abin da bai riƙe ba shi ne yadda hasumiyar take daga waje. Lambobin sun nuna masa wanda ke bin wane, amma dutse yana da fuska shida, kowace ka kwantar da shi tsayin ginin daban ne.

Masu gyaran ɗaki sun kwashe kujerun duka, sun kife su a baranda. Wani ɗan benci ne kawai ya rage.

"Jawo bencin nan ki zauna," ya ce mata ta cikin gilashi.

"Haba Baba. Kana tsaye cikin kwalba kana ɗaga duwatsu, ni in zauna?"

"Uwarki zama take yi."

"Ita Shugaba ce. Ni wa ya naɗa ni?"

Ya yi murmushi, na farko a yinin, ya ƙyale ta. Yarinya ce da tun tana ƙarama ba ta miƙa masa abu a tsaye, kuma ba ta zama in yana aiki. Shi da Shugaba suka koya mata haka, suna alfahari da shi.

"Wannan ya zauna?"

"Ya yi, Baba."

"Wannan fa? Bai fito da yawa ba?"

"Ya yi kyau, Baba."

Dutse arba'in da ɗaya, ya yi tambaya ta fi sau sittin, amsar ba ta canza ba. Sau biyu ya tsaya yana jiran a ce masa ya wuce. Ba a ce ba.

Ƙarfe biyu aka fara zuba ruwa. Yashi ya tashi, tankin ya yi fari kamar an zuba madara. Ƙarfe uku da rabi ya taɓa ruwan bahon Ƙanin Auta ya ji ya fara sanyi. Saura rabin sa'a cikin goman da ya ware. Ya hau tsani, ya kama murjanin da hannu biyu, ya sa gam a gindinsa, ya sauke shi da awartaki zuwa dutsen mai faɗi. Hannunsa ya gaya masa wani abu. Awartakin bai nutse kamar yadda ya saba ba.

"Auta, bai yi sama ba?"

Ta matso har goshinta ya kusa taɓa gilashi. Cikin hazon, ga rassan nan daidai fuskarta.

"Ina ganinsa sosai, Baba. Ga shi a gabana."

Gaskiya ta faɗa. Bayansa na ciwo, ƙartin na jiran sallama, saura murjani takwas a baho. Ya danna shi ya zauna. Ƙarfe huɗu saura minti biyar komai ya koma ruwa, babu kifi ko ɗaya da ya mutu. Ya fita ta ƙofar baya yana jin ya yi abin kai.

Ran Alhamis ruwa ya washe. Daga kan tsani ya ga Ƙanin Auta yana ƙyalli ƙarƙashin sababbin fitilu, ya fi da haske, ya ce a ransa sabon wuri ya karɓe shi. Ran Litinin hasken ya ƙaru. Ya ɗan tsaya, ya gwada gishiri, daidai, ya gwada ɗumi, daidai. Ya ɗora laifin a kan fitilun, ya ce launinsu ne ke ruɗin ido. Taku bakwai ne daga gindin tsani zuwa gaban gilashi. Bai yi su ba.

Alhamis ta biyu, kwana goma sha ɗaya da aikin, yana matakala ta takwas sai ya ji murya daga ɗakin jira.

"Mai Tanki! Kai Mai Tanki! Sauko, na gaji da ganin tafin hannunka."

Direba ne, wani tsoho da ya yi shekara talatin yana jan babbar mota, yanzu kuma shekara shida yana zuwa wanki sau uku a mako. Da can shi da Shugaba ba sa haɗuwa ba su yi faɗa ba, a kan siyasa, a kan kifin da ya fi wayo.

"Ina aiki, Direba."

"Aikin banza. Sauko ko in sa a turo ni da keke in kayar da tsanin."

Ya sauko. Ya tsaya a bakin lungun kamar wanda aka kira gaban alƙali, sannan ya zagayo. An dawo da kujeru, sababbi, ashirin da huɗu. Direba ya buga wadda ke kusa da shi da tafin hannu.

"Zauna."

"A tsaye ma ina..."

"Wa ka ga yana tsaye a ɗakin nan? Duba mana. Mu masu tsayuwa ne? Zauna."

Ya zauna. Shekara ashirin da biyu, bai taɓa kallon tankin daga kujera ba. Abin da ya fara gani bango ne na dutse, baƙi, babu rami, babu motsi. Tagar tana can sama, sai ya ɗaga haɓa zai hango ta. Gefenta kuma Ƙanin Auta, fari fat kamar ƙashi, wata fata mai yauƙi tana saɓulewa daga rassan tana bin ruwa.

"Da in na zauna nan," in ji Direba, muryarsa ta sauka, "kifin nan rawaya yana fitowa ta ramin ya kalle ni ido cikin ido. Mun saba. Matarka ta ce mana mutum in jini ya gajiyar da shi ba ya iya ɗaga wuya, shi ya sa take sa ka sauke komai inda idonmu yake. Kai ba ta gaya maka ba?"

Mai Tanki ya ciro tef ɗin awonsa daga aljihu, ya auna daga idonsa zuwa ƙasa, ya tashi ya auna daga dutsen mai faɗi zuwa ƙasa, ya fitar da bambancin. Inci goma sha shida. Inci goma sha shida kusa da fitilun da suka ninka na da. Ya koma ya zauna ya fara ƙirga rassa da yatsa, leɓensa na motsi. Sittin da ɗaya sun tafi. Biyu ne a can ƙarƙashi, inda inuwar sauran ta rufe su, da ɗan sauran kore.

Da rana Auta ta zo daga makaranta, da alli a hannun rigarta. Ta ga murjanin ta dafe baki.

"Baba, na ga kamar ya yi sama. Tun kana jera duwatsun na ga tagar ta wuce inda na san ta. Bakina ne ya yi nauyi."

"Na sani."

"Ka yafe ni."

"Me zan yafe? Abin da muka koya miki kika yi. Ni ne hannuna ya faɗa mini na ƙi ji." Ya goge fuska da hularsa. "Uwarki ce dai Allah bai ɗora wa nauyin baki ba."

Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya.

Ya kashe fitila biyu cikin huɗu. Ya hau ya ɓalle rassan nan biyu, kowanne bai kai ƙaramin yatsa ba, ya ciro sauran ya ajiye a bokiti. Ba zai iya rushe hasumiyar da kifi a ciki ba, sai wata Lahadin, amma akwai wani ɗan dandamali a ƙasa da zai riƙe su. Auta ta tsaya gaban gilashi, hannu a baya.

"'Yata," in ji Direba, wanda ya fito daga wanki yana jiran mai ɗaukarsa, "in ba ki zauna ba zan tashi in tsaya tare da ke, in na faɗi kuma ke za a tambaya."

Ta kalli ƙafafun ubanta a kan tsani. Ta zauna a bakin kujerar, rabin jikinta a waje.

"Nan?" in ji Mai Tanki daga sama.

"Ka... ka ɗan yi ƙasa, Baba."

"Nan?"

"Ƙasa dai."

"Nan fa?"

"Ka wuce, Baba. Kuma ya karkace."

Awartakin ya tsaya cak a cikin ruwa.  Sannan reshen ya ɗaga kaɗan, ya miƙe, ya zauna.

Lahadin da ta biyo suka sauke tagar inci goma sha shida. Cikin rassan biyu ɗaya ya mutu a mako na uku. Ɗayan yana nan. Wata biyar ya yi kafin ya fitar da tsiro, kuma tsiron bai fi ƙwayar shinkafa ba. Mai Tanki yana da shekara sittin da huɗu. Ya yi lissafin tun ranar farko: in abin ya bi sawun na da, zai kai rassa sittin yana da saba'in da takwas, kuma gwiwarsa ta dama ta riga ta fara gardama a matakala ta shida. Bai gaya wa Auta lissafin ba.

Farin ƙashin ya kai gida, ya wanke shi, ya shanya, ya ɗora kan tagar ɗakin Shugaba kusa da tabaraunta. Jikokinsa sun san ba a taɓawa.

Yanzu in ya naɗe tsani ba ya fita ta baya. Yakan zagayo, ya nemi kujera ta uku daga bango, in da mutum a kai ya tsaya ya jira. Ya zauna minti biyar da hularsa a gwiwa. Kifin rawaya ya ratsa taga, ya juyo, ya sake ratsawa. Shi kuwa idonsa na kan dutsen mai faɗi, yana ƙirgawa, ko da yake lissafin ba ya wuce biyu: reshen da tsironsa.